Kurakuran da suke kayar da mutum a Civilization VI idan ya hau mataki mai wuya

Wanda ya saba cin Civilization VI, wasan kwamfuta na gina daula da ake yi zagaye-zagaye, a matakin Prince mai matsakaicin wuya, yakan sha mamaki ranar da ya hau Immortal ko Deity, matakai biyu mafi wuya. Wasan bai sauya ba, taswirar ce dai, zagaye ɗari biyar ɗin ne dai, amma kafin zagaye na hamsin sai ya ga mayaƙan maƙwabci sun kewaye masa babban birni. Dalili kuwa a fili yake. A Deity kowace daular da kwamfuta ke riƙe da ita tana farawa da ayarin kafa gari 3, mayaƙa 5 da magina 2, kai kuma ayari ɗaya da mayaƙi ɗaya tal. Sojojinta suna da ƙarin maki 4 na ƙarfi a duk arangamar da suka yi da kai, kuma aikinta da iliminta sun fi naka sauri. Wayo ne dai ba a ƙara mata ba. Galibin kurakuran da ke tafe ɗabi'u ne da mutum ya koya a matakan da ba a hukunta sakaci.

Barin gida ba tsaro

Wannan ne ya fi kashe wasa da wuri. Mutum ya kafa birni, sai ya shiga gina rumbu da dutsen tarihi, sojansa ɗaya yana can yana yawon buɗe taswira. Kwamfuta tana auna ƙarfin sojanka, in ta ga ba ka da kowa sai ta zo, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganin ba shi da tsada. Ka fitar da masu majajjawa biyu ko uku tun farko. In ɗaya daga cikinsu ya kashe abokin gaba, za a rage maka kuɗin binciken harbin baka, daga nan ka biya zinariya ka mai da su 'yan baka. Ɗan baka yana harbi daga gurbi biyu, ba a rama masa a lokacin da ya yi harbin. Uku ko huɗu, ɗaya a cikin birni, sauran a kan tudu ko a ƙetaren kogi, sun isa su cinye rundunar da ta ninka su, don kwamfuta turo sojoji take yi ɗaya bayan ɗaya cikin ruwan kibiya. Birnin da ke bakin iyaka kuma a yi masa ganuwa, domin sai da ganuwa birni ke iya harbi da kansa.

Ga kuma mahara, wato mayaƙan da ba na kowace daula ba, masu kai wa kowa hari. In ka ga ɗan leƙensu ya hango birninka, alamar motsin rai ta fito a kansa, to komawa zai yi ya kai rahoto. Ka tare shi ka kashe, ko ka shirya karɓar baƙi. In sansaninsu na kusa da dawaki ne, mahaya za su zo maka.

Zama da birane uku

Mutanen da suka taso da Civilization V sun fi faɗawa nan, don a can birane huɗu manya sun isa a ci wasa. A na shida lissafin daban ne. Kowane birni yana iya gina unguwanni, wato gurabe na musamman a kewayensa, kamar unguwar ilimi tasa da kasuwa tasa, saboda haka mai birane goma ya fi mai uku ko da nasa ƙanana ne. A ganina, wanda ya kai zagaye na ɗari bai kusa birane takwas ba yana baya, sai dai in yaƙi yake shirin yi ya ƙwace na wasu.

Da zarar ka buɗe Early Empire, ɗaya daga cikin matakan binciken al'ada na farko-farko, ka sa katin manufar gwamnati da ke ƙara saurin fitar da ayarin kafa gari da kashi 50 cikin ɗari, ka jera su. In kana da Magnus, ɗaya daga cikin gwamnonin da ake naɗa wa birni, akwai ƙarin girman da ke hana birni rasa mutum ɗaya duk lokacin da ayari ya fita. Kada ka tura ayari shi kaɗai ba rakiya. Ba abin da ya kai ganin mahara sun kama ayarin da ka shafe zagaye goma sha biyu kana jira ciwo, kuma wanda za ka fitar bayansa zai fi shi tsada.

Wurin kafawa ma abin dubawa ne. Birnin da ke bakin kogi ko tafki yana farawa da matsuguni, wato yawan mutanen da zai iya ɗauka, 5, na bakin teku 3, wanda ba ruwa 2. Tun fitowar Rise and Fall, ƙarin da aka yi wa wasan a 2018, kuma akwai batun biyayya: ka dasa ƙaramin gari a gindin manyan biranen maƙwabci, ya ɓalle ya koma hannunsa, ka yi wa wani aiki.

Kwaɗayin gine-ginen al'ajabi

Kowa yana son ganin Stonehenge ko Dalar Masar a ƙasarsa. A Deity kwamfuta takan gama su kana tsakiyar gini. Aikin da ka zuba a can da ya ba ka ayari biyu da 'yan baka. Ka zaɓi ɗaya ko biyu waɗanda suka dace da hanyar da kake bi, sauran ka bar su. Haka neman kafa addini: gurabensa ƙidayayyu ne, in daularka ba ta addini ba ce, kada ka shiga tseren.

Dasa unguwa duk inda aka ga fili

Nan ne wasan ya fi zurfi, kuma nan ne ba a gyara kuskure, don unguwa in an dasa ta ba a tayar da ita. Unguwar ilimi tana samun maki ɗaya daga kowane dutse da ke manne da ita. Wadda ke tsakanin duwatsu uku tana ba da 3 tun ranar da aka gama ta, wadda ke fili fetal ba ta ba da komai sai an cika ta da gine-gine. Kasuwa kogi take so. Unguwanni in sun haɗu wuri ɗaya suna ƙara wa juna. Saboda haka tun kafin ka kafa gari ka san inda kowace za ta zauna, ka sa alama a taswira.

Abu biyu da mutane ke mantawa. Birni yana samun damar unguwa ta farko da mutum 1, ta biyu da 4, ta uku da 7, haka dai uku-uku, wato ba za ka gina komai a ko'ina ba. Sannan farashin unguwa yana hawa yayin da bincikenka ke ci gaba, amma yana tsayawa daga ranar da ka dasa ta. Ka dasa da wuri, ka koma wani aikin, ka dawo ka ƙarasa. In akwai daji a gurbin, sa magini ya sare shi tukuna ka ci amfanin, in ba haka ba ya tafi a banza.

Bincike ido rufe

Kusan kowace fasaha tana da ɗan aikin da in ka yi shi za a yafe maka kashi 40 cikin ɗari na kuɗinta. Haɗuwa da wata daula tana rage kuɗin rubutu, kashe mahara uku yana rage na tagulla. In ka ga za ka cika sharaɗin nan gaba kaɗan, ka dakata da binciken ka koma wani. Da wannan ake rage tazarar da aka ba kwamfuta.

Raina diflomasiyya

Ranar da ka haɗu da shugaba, ka tura masa tawaga a wannan zagayen, zinariya 25 ce kawai, in ka jinkirta yakan ƙi karɓa. In ya yarda da abota, zagaye 30 ba zai iya kai maka hari ba. Kayan alatu kuma, kamar alharini ko lu'ulu'u, kwafi na biyu ba ya ƙara maka komai, sayar da shi za ka yi. Na taɓa zama da gishiri uku har tsakiyar wasa ina kukan rashin kuɗi.

Rashin zaɓar hanyar nasara

Taura biyu ba ta taunuwa. Mai ɗan ilimi, ɗan al'ada, ɗan yaƙi, yakan ƙare na uku a kowanne. Wajen zagaye na ɗari ka yanke shawara: ko harba kumbo ta hanyar ilimi, ko jawo masu yawon buɗe ido ta hanyar al'ada, ko ƙwace manyan biranen kowa, ko maki 20 na diflomasiyya. Daga nan kowane kati da kowane gini ya bi wannan layin. Kuma ka riƙa leƙa shafin da ke nuna matsayin dauloli, don wata tana can wata nahiyar tana gina filin harba kumbo. In ka gano da wuri, ɗan leƙen asiri ɗaya zai iya lalata mata filin ya saya maka zagaye da dama. In sai da sanarwa ta fito ka sani, abin da ya rage shi ne ka buɗe sabuwar taswira.