Yadda na gyara sanarwar ƙungiyarmu

Tun da ƙungiyarmu ta tallafa wa zawarawa da makafi a Tudun Wadan Zariya ta koma sanarwa ta WhatsApp, masu zuwa taro suka ragu. Ashe hoton takarda ake turawa. Makaho mai amfani da TalkBack, manhajar da ke karanta masa rubutun waya da murya, bai cika tsintar komai a hoto ba, iyayenmu mata da yawa kuwa ajami suka iya.

Yanzu murya nake naɗa, gajeriya saboda tsadar data, in maimaita rana da wuri. Abin da ya fi wahalar da ni saƙon bai-ɗaya ne, wato broadcast na WhatsApp da ake tura wa mutane da yawa a lokaci guda: mutum 256 yake ɗauka, kuma ba ya isa ga wanda bai adana lambarka ba. Bayan taro na bi wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya ina saka lambarmu. Masu ƙaramar waya kuwa, kira ake yi musu bayan Magariba.