Yadda Ake Noman Inabin Sangiovese a Toskana

Wannan baƙin inabi na Italiya shi ne tushen giyar Chianti, wadda ake yi a Toskana, wani yanki na tsakiyar ƙasar.

1. Zaɓi gangaren tudu mai samun rana, ƙasa mai tsakuwa wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta.

2. Sayi dashen da aka yi wa aure da saiwar inabin Amurka, domin ita ke jure filoksera, ƙwaron da ke lalata saiwar inabi.

3. Dasa a Maris ko Afrilu, ka kafa turaku, ka ja waya tsakaninsu domin rassa su bi.

4. Duk hunturu ka datse rassa sosai. Sangiovese akwai yawan haihuwa, kuma in ka ƙyale shi, 'ya'yan ba za su nuna da kyau ba. Rage wasu tun suna kore, ko da kana jin asara.

5. Daga shekara ta uku ka fara tsinka, ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. Fatarsa siririya ce, ruwan sama na ruɓar da shi, saboda haka kar ka yi jinkiri.