Yadda ake hasashen sabon James Bond ba tare da jita-jita ta ɗauke ka ba

Jama'a barkanmu da war haka. Tun da Daniel Craig ya ajiye rigar 007 a No Time to Die a 2021 musu ɗaya ne yake ta yawo tsakanin masu son fim ɗin leƙen asiri a nan Jidda, a wurin shan shayi bayan isha ko a istiraha, wato gidan shaƙatawa, daren Juma'a, wane ne zai gaje shi kuma a ina za a ɗauki fim ɗin. Ni ina son wannan musun sosai, abin da ke damuna kawai shi ne yadda mutum zai ga hoto a TikTok an haɗa shi da AI an sa wa wani jarumi baƙar kwat da bindiga, shikenan ya zo yana rantsuwa wai an gama magana. Hasashe ma yana da ƙa'ida, idan ka bi ta ko ba ka canka daidai ba maganarka za ta yi nauyi a majalisa.

Fara da sanin wanda wuƙa da nama suke hannunsa yanzu, don da yawa har yau suna kafa hujja da maganganun Barbara Broccoli da Michael G. Wilson, furodusoshin da suka daɗe suna shirya finafinan Bond, alhali tun Fabrairun 2025 suka miƙa ragamar shirya fim ɗin ga Amazon MGM. Furodusoshin yanzu Amy Pascal ce da David Heyman, darakta Denis Villeneuve wanda ya yi Dune, marubuci kuma Steven Knight mai Peaky Blinders. To duk labarin da ka gani ka tambayi kanka, daga bakin waɗannan ya fito ko daga shafin 007 na hukuma, ko dai "wata majiya" ce da ba ta da suna? Jaridun harkar fim irin Variety da Deadline da Hollywood Reporter su ne suke fara kawo irin wannan sanarwa kuma sukan tantance, jaridun tsegumi na Ingila kuwa a yi hattara, a Maris 2024 wata ta buga cewa an ba Aaron Taylor-Johnson aikin har ya kusa sa hannu, duniya ta ɗauka, aka yi ta jira shiru. Sannan wannan jerin sunayen da ake yaɗawa wai "wane ne ke kan gaba" yawanci daga kamfanonin caca na Ingila yake fitowa, lissafin inda mutane suka zuba kuɗinsu ne kawai, babu ruwansa da abin da darakta ya yanke, mu kuma dama caca ba hanyarmu ba ce.

Sai shekaru, nan ne mafi yawan hasashe yake rushewa. Ba fim ɗaya ake ɗaukar mutum ya yi ba, Craig ya yi biyar cikin shekara 15, daga Casino Royale a 2006 zuwa 2021, kuma yana da shekara 37 aka sanar da shi a Oktoban 2005. Sean Connery yana da 32 lokacin da Dr. No ya fito a 1962, Roger Moore ya fara yana 45 ya gama yana 57 a 1985 kuma kowa ya ga tsufa ya fara bayyana a fim ɗinsa na ƙarshe. Don haka ɗauki shekarun jarumin da kake so ka ƙara masa biyu ko uku kafin fim ya fito, sannan ka ƙara goma a kai, ka ga ko zai iya gudu a saman jirgin ƙasa a lokacin. Idris Elba wallahi ni ma na so shi, yana da kwarjini yana da murya, amma an haife shi a 1972, yi lissafin da kanka. Henry Cavill shi ma ya gwada sa'arsa tun lokacin Casino Royale aka ga ya yi yaro a lokacin, yanzu kuma ya haura arba'in.

Abu na gaba da mutane ba sa so su yarda da shi, ba a cika ɗaukar wanda ya riga ya yi suna fiye da kima ba. Connery ba wani sananne ba ne sosai kafin 1962, George Lazenby ɗan Ostareliya tallace-tallace yake yi kafin a ba shi a 1968, Craig kuma da aka sanar da shi ƙorafi aka yi ta yi wai gashinsa ba baƙi ba ne, wai bai dace ba, fim na fitowa kowa ya yi tsit. Dalilin a fili yake, babban tauraro kuɗinsa da yawa, lokacinsa kaɗan, kuma idan ka gan shi sunansa kake tunawa ba Bond ba. Saboda haka maimakon ka tsaya kan fuskokin Marvel, leƙa silsilar talabijin ta Birtaniya da ƙananan finafinai, nemi ɗan shekara talatin da ɗoriya ko ƙasa kaɗan wanda ya iya wasa da ido ba sai ya yi surutu ba. Kuma ka duba kwantiraginsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, Pierce Brosnan an so ba shi tun 1986 amma kwantiragin shirin Remington Steele ya riƙe shi, Timothy Dalton ya samu, shi Brosnan sai 1995 ya shigo da GoldenEye. Idan jaruminka ya sa hannu a wani dogon aiki na shekaru to cire shi ko ka sa shi ƙasan jeri.

Yanzu batun wurare, wanda ni ya fi min daɗi. Abin da za ka fara rabawa shi ne garin da labari ya ce ana ciki daban, inda aka kafa kyamara daban. A Casino Royale an ce mana Montenegro amma a ƙasar Cek aka ɗauka, wurin da aka ce Madagaska a Bahamas ne, har sansanin 'yan tawayen da aka ce Uganda a wani daji kusa da sutudiyon Pinewood a Ingila aka yi shi. A Quantum of Solace Boliviya ce a baki amma hamadar Atacama ta Chile ce a ido, Haiti kuma Panama ce. To idan ka ji an ce an ga ma'aikatan fim suna duba wuri a wata ƙasa kar ka yi saurin cewa labarin a can zai faru, wataƙila aron fuskar garin kawai za a yi.

Me ke jan su zuwa wata ƙasa? Kuɗi, tsaro, yanayi, da ko akwai ma'aikata da kayan aiki a ƙasa. Landan da Pinewood kusan dole ne, waɗannan ka rubuta su ba fargaba. Sauran kuma duba tarihi, suna son komawa inda suka saba, Jamaika tun 1962 har 2021, Istanbul a 1963 da kuma Skyfall a 2012, Italiya sau da dama, Masar a 1977 inda aka nuna dala da Luxor, Maroko a 1987 da kuma Spectre a 2015. Sannan duba ɗabi'ar darakta, Villeneuve mutum ne mai son fili da sarari, Dune a Wadi Rum ta Jodan da hamadar Liwa ta Abu Dabi ya ɗauki yashinsa, ya san yankin nan ya san zafinsa, wannan hujja ce mai kyau ga wanda ke hasashen Gabas ta Tsakiya, duk da cewa yana iya cewa ya gaji da rairayi ya nufi ƙanƙara.

To Saudiyya fa, tunda ita ce tambayar da kowa ke yi a nan? Ga yadda za ka gina maganarka. Silima ta dawo ƙasar nan a 2018, bikin finafinai na Red Sea ya fara a Jidda a 2021, a 2022 hukumar fim ta sanar da mayar wa masu shirya fim har kashi 40 cikin ɗari na kuɗin da suka kashe a nan idan sun cika sharuɗɗa, kuma an riga an yi fim ɗin leƙen asiri a ƙasar, Kandahar na Gerard Butler da ya fito a 2023, a AlUla da Jidda aka ɗauke shi alhali labarin na Afganistan da Iran ne. Kenan hanya a buɗe take. Amma ka haɗa da ɗaya gefen don kar a kama ka, Bond mutum ne na gidan caca da giya da mata, waɗannan sassan da wuya a ce a nan labarinsu zai faru, abin da ya fi kama hankali shi ne a zo a ɗauki tseren mota tsakanin duwatsun AlUla ko bin sawu a lungunan Balad, tsohon garin Jidda mai tagogin katako, sauran a ƙarasa a sutudiyo. 'Yan uwanmu Hausawan Sudan da muke zaune da su kan kawo dalar Meroe da tsohon garin Sawakin, kuma gaskiya wurare ne da za su yi kyau matuƙa a kyamara, sai dai yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya sa babu kamfanin inshorar da zai yarda a kai ɗaruruwan ma'aikata can yanzu, Allah Ya kawo musu zaman lafiya.

Idan za ka ajiye hasashenka a guruf ɗin WhatsApp, rubuta sunaye uku kacal da garuruwa uku, kowanne da dalilinsa layi ɗaya, ka sa kwanan wata, ka kuma nuna wanne ne ka ji daga majiya wanne ne ra'ayinka. Duk bidiyon "tirela" da ka gani a YouTube kafin a fara ɗaukar fim na bogi ne, duba sunan tashar kafin ka tura wa mutane. Nawa garuruwan dai Landan, Istanbul, sai wata hamada tsakanin Jodan da AlUla.