Shirin ƙafa kafin tattaki cikin dusar ƙanƙara

Ƙannenmu na Sakkwato masu tafiya karatu Rasha da Kanada sun yi ta tambayata wannan. Sanyin can ya fi hunturunmu nesa ba kusa ba, yakan sauka ƙasa da digiri 0.

1. Sayi takalmin but mai rufe idon sawu, wanda ruwa ba ya ratsawa.
2. Duba tafinsa, ya zama mai zurfin zane saboda santsi.
3. Sa safar ulu mai kauri kafin ka gwada shi.
4. Motsa yatsunka a ciki. In sun matsu, ƙara lamba ɗaya.

Hattara: kada ka sa safar auduga irin tamu ta gida. Tana shan zufa ta jiƙe, sai ƙafa ta sandare.

5. In dusar ta yi zurfi, ɗaura faffaɗan matakin da ake sawa ƙarƙashin but don kada ka nutse.
6. Riƙe sanduna biyu.
7. Ɗan ware ƙafa kana tafiya.
8. Ajiye busasshiyar safa a jaka.
9. In yatsu suka yi fari kuma ba ka jin su, koma ɗaki ka tsoma su cikin ruwa mai ɗumi. Don Allah kada ka murza su, kada ka kanga su a wuta.