Kodominans: kurakuran da nake ta gani kan AS da rukunin jini

Ina koyar da bayoloji a lesin ɗin yamma nan Tudun Wada a Kaduna, yara masu shirin WAEC da JAMB, kuma duk shekara in muka iso darasin gado sai kurakurai iri ɗaya su dawo, abin da ya fi damuna ma ba a aji suke tsayawa ba, suna bin mutane har gida har wajen neman aure.

Ma'anar kodominans dai a gajarce, kusan kowace ƙwayar gado biyu kake ɗauke da ita, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A waken Turawa da Mendel, masanin da ya kafa ilimin gado, ya yi gwaji da shi ɗaya ce ke danne ɗaya, wannan shi ne rinjaye. Kodominans kuwa kunnen doki ake yi, babu wadda ta danne wata, kowacce ta fito da aikinta.

Kuskuren da ya fi cin maki a jarabawa shi ne ɗauka cewa cakuɗewa ake yi. A'a. Shayi da madara ne ke cakuɗewa su ba ka kala ta uku, irin jan fure da farin fure su haifar da ruwan hoda, wancan sunansa rinjayen da bai cika ba. Kodominans garau-garau ne, ga shinkafa ga wake kana ganin kowanne. Mai rukunin jini AB, a jikin jajayen ƙwayoyin jininsa akwai alamar A akwai alamar B kowacce daban, babu wata alama ta tsakiya. In ka rikice tambayi kanka, ina ganin biyun ko sabon abu nake gani?

Sai masu haɗa jinotayip da rukunin jini, ka tambayi mutum jinotayip ɗinsa ya ce maka O ne. A, B, AB da O rukunin jini ne, Karl Landsteiner ya gano shi a 1901, ƙwayar gadonsa na kan kuromosom na 9, kuromosom kuwa zaren da ƙwayoyin gado ke jere a kai ne. AA, AS, SS, AC, SC kuwa zancen himogulobin ne, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jajayen ƙwayoyin jini, ƙwayar gadonsa na kan kuromosom na 11, A ɗin can daban A ɗin nan daban.

Toh ga wanda ke min ciwo. Wata ɗalibata ta taɓa ba ni labarin yayarta, mijin AB ita O, aka haifi yaro aka ga B ne, dangin miji suka fara ƙus-ƙus wai bai ɗauko jinin uwa ba bai ɗauko na uba ba. Wallahi zalunci ne, don lissafin haka yake. Uba AB ko dai ya ba da A ko ya ba da B, uwa kuma O kaɗai gare ta, O kuma ɓuya take yi in ta haɗu da A ko B, kenan yaransu A ko B za su fito. Haka uba A uwa B suna iya haifar O in kowannensu na ɓoye da O, suna iya haifar AB ma, duka rukunin huɗu kan iya fitowa daga ɗaki ɗaya. Kafin a zargi 'yar mutane a ɗauki biro a zana akwatin nan mai gida huɗu da ake haɗa ƙwayoyin uba da na uwa a ga irin yaran da za su iya fitowa.

AS kuma ana ce masa rabin sikila, ba haka ba ne. Jikinsa na yin himogulobin A da S duka biyun, na A ya fi yawa, kuma saboda biyun ne a gwajin elektiroforesis, mai rarrabe nau'o'in himogulobin, layi biyu ke fitowa. Ta fuskar himogulobin kunnen doki ne, amma ta fuskar ciwon sai S ta haɗu da wata S, ko da wata ƙwayar mai matsala irin C, sannan amosanin jini ya bayyana. Yarana su kula, in an tambaya kan cutar a ce ɓoyayyiya ce, in kan himogulobin ne a ce kodominans. Kuma a daina raina AC, AS da AC na iya haifar SC, shi ma sikila ne.

Wasu ma'aurata AS da AS su ce ai haihuwar SS ɗaya cikin huɗu ne, mun riga mun haifi SS ɗaya saura uku lafiya. Kowane ciki sabon lissafi ne fa, AS da AS kashi 25 cikin 100 ne a duk haihuwa, ana iya jera SS uku, ana iya haifar biyar babu ko ɗaya.

Wajen gwajin ma ana kuskure. Ɗan gwajin nan mai arha da ke duba ko ƙwayoyin jini na lanƙwashewa kamar lauje bai bambanta AS da SS, cewa kawai yake akwai S. Ka nemi elektiroforesis da baki, a Barau Dikko ko asibitin koyarwa na Shika ko wani lab da ka yarda da shi. In an yi maka ƙarin jini kwanan nan ka faɗa musu, don jinin wanda ya ba ka zai iya sa SS ya fito kamar AS, akan jira kamar wata 3 a sake. Jariri kuma himogulobin ɗin da ya fito da shi daga ciki na rikita irin wannan gwajin, in an yi masa da wuri a maimaita bayan ya wuce wata 6.