Yadda Ake Girka GRADISTAT da Lissafa Girman Ƙwayoyin Yashin Kogi

GRADISTAT manhaja ce da Simon Blott da Kenneth Pye suka fitar a 2001 domin lissafin girman ƙwayoyin yashi, tsakuwa da laka. Kyauta ce, kuma ba irin manhajar da ake girkawa ta zauna da kanta ba ce: fayil ɗin Excel ne da aka saka wa ƙananan umarni na cikin gida da ake kira makro. Kai za ka ba ta nauyin abin da ya tsaya a kan kowace rariya, ita kuma ta fitar maka da matsakaicin girma, daidaituwar ƙwayoyi, karkatar rabonsu, da zane-zane. Matsalarta ɗaya ce, ba ta musu. Duk lambar da ka zuba mata za ta lissafa, ko daidai ko kuskure, shi ya sa rabin aikin a nan na tsara bayanai ne da gwada ta kafin a yarda da ita.

Saukewa da buɗewa

Kana buƙatar kwamfuta mai cikakken Microsoft Excel, wanda aka girka a kanta. Excel na waya da na cikin burauza ba sa tafiyar da makro, haka ma Google Sheets. LibreOffice kan buɗe fayil ɗin, amma ba a dogara da maɓallansa a can.

Sauke fayil ɗin daga shafin kamfanin Kenneth Pye Associates. Kafin ka buɗe shi, danna shi da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi "Properties", ka duba can ƙasa inda aka rubuta "Unblock", ka sa masa alama, ka danna "OK". Dalili kuwa, tun 2022 Microsoft ke toshe makro a duk fayil ɗin da Windows ta yi wa shaidar cewa daga intanet ya zo. In ka tsallake wannan, za ka ga jan layi a saman Excel, maɓallan lissafi kuma su ƙi motsi. Idan a ƙunshe ya zo cikin zip, cire toshiyar a kan zip ɗin tukuna, sannan ka zazzage abin da ke ciki a wata folda. Kada ka buɗe shi yana cikin zip.

Da ya buɗe, danna "Enable Editing", sannan "Enable Content". Idan har yanzu ya ƙi, bi ta "File", "Options", "Trust Center", "Trust Center Settings", "Trusted Locations", ka ƙara foldar da ka ajiye shi. Akwai zaɓin da ke buɗe wa kowane makro ƙofa gaba ɗaya. Kada ka taɓa shi, domin ta nan mugayen fayiloli ke shigowa.

Yanzu yi kwafi biyu, ɗaya ka ajiye ba ka taɓa shi, ɗaya ka yi aiki da shi. In za ka adana, bar shi a nau'in da ya zo da shi, wato xls ko xlsm. Wanda ya adana shi a matsayin xlsx ya share makron da hannunsa, maɓallan su zama hoto kawai.

Abin da za a tanada daga ɗakin gwaji

A busar da samfurin a maki 105 na ma'aunin Celsius har nauyinsa ya daina raguwa. Ga yashi, giram 50 zuwa 100 ya ishi rariyoyi masu faɗin milimita 200; in aka cika su, ƙwayoyi kan toshe ramuka, ƙanana su maƙale a sama, sakamako ya nuna samfurin ya fi yadda yake kauri. Idan da laka a ciki, a auna busasshen nauyi, a wanke samfurin a kan rariyar maikiron 63 (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya), a sake busarwa a auna. Bambancin nauyin biyu shi ne lakar da ta tafi da ruwa, kuma dole a mayar da nauyinta cikin lissafi tare da abin da ya faɗa kaskon ƙasa, wanda ke ƙarƙashin rariyoyin. A girgiza rariyoyi minti 10 zuwa 15, a auna kowacce da sikelin da ke karanta giram 0.01. A ƙarshe a tara nauyin duka a gwada da na farko. In asarar ta wuce kashi 1 cikin ɗari, gara a sake tankaɗen.

Tsakuwa kuwa wani zance ne. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada dutse mafi girma ya wuce kashi 1 cikin ɗari na nauyin samfurin. Dutse mulmulalle mai kaurin milimita 64 yana kai kusan giram 360, ke nan samfurin da ke ɗauke da shi sai ya kai kilo 36. Babu manhajar da za ta gyara samfurin da aka ɗebo ƙarami.

Shigar da lambobi

Buɗe shafin "Single Sample Data Input". Layin tsaye na farko na girman ramin rariya ne, na biyu na nauyin abin da ya tsaya a kanta. A nan ake yawan faɗuwa, don haka a bi a hankali.

Girman rami da maikiron ake rubuta shi, ba da milimita ba. Rariyar milimita 2 ita ce 2000, ta rabin milimita 500. Wanda ya rubuta 2 da 0.5, manhajar za ta ɗauki tsakuwarsa a matsayin yumɓu, ta ba shi amsa ba tare da ƙorafi ba.

Nauyin kowace rariya ita kaɗai ake so, ba wanda aka tara daga sama ba, ba kuma na abin da ya wuce ta ba. Rahotannin injiniyoyi galibi kason abin da ya wuce suke bayarwa. In irinsu ke hannunka, sai ka mayar da su: abin da ya tsaya a kan rariya shi ne kason da ya wuce ta samanta a debe wanda ya wuce ita kanta.

Sa rariya ɗaya a can sama wadda komai ya wuce ta, ka ba ta sifiri. Da ita manhajar ke sanin iyakar ƙwayoyi mafi girma. Amma kada ka jera rariyar da ba ka yi amfani da ita ba ka ba ta sifiri, domin hakan na nufin ka auna ba ka samu komai ba, sai zanen ya fito da giɓin ƙarya. Kaskon ƙasa shi ne layin ƙarshe, kuma shafin bayani da ke cikin fayil ɗin ya nuna yadda ake rubuta shi.

Sai a duba yadda kwamfutar ke rubuta ɓangaren lamba. Wasu an saita su da ɗigo, wasu da waƙafi. In kwamfutarka waƙafi take so, kai kuma ka rubuta 12.5, Excel zai ɗauke shi a matsayin rubutu. Alamar gane hakan mai sauƙi ce: lamba tana jingina dama a cikin gidanta, rubutu yana jingina hagu. Haka kan faru in aka kwafo lambobi daga PDF, ko aka liƙa harafin g a bayan nauyi. Yawancin saƙon kuskure da ke fitowa bayan danna maɓalli daga nan yake.

Gwajin farko

Kafin ka zuba bayanan kogi na gaskiya, gwada ta da samfurin da ka san amsarsa. Ga wanda aka tsara don haka, mai nauyin giram 100: rariyar 4000 sifiri, 2000 giram 4, 1000 giram 13, 500 giram 28, 250 giram 35, 125 giram 14, 63 giram 4, kaskon ƙasa giram 2. Shigar da su ka danna "Calculate Statistics", ka koma shafin "Single Sample Statistics".

Don ka duba ta da hannu, sai ka san ma'aunin phi da Krumbein ya kawo a 1934. A wannan ma'auni milimita 1 shi ne sifiri, duk lokacin da girma ya ragu da rabi phi ya ƙaru da ɗaya: 500 ita ce 1, 250 ita ce 2, 125 ita ce 3, 63 kusan 4, 2000 kuwa −1. Wato babbar lamba tana nufin ƙaramar ƙwaya, abin da ke rikita sabon shiga.

Tara nauyi daga sama: 4, 17, 45, 80, 94, 98, 100. Rabin samfurin, kashi 50, ya faɗa tsakanin 45 da 80, ke nan tsakanin phi 1 da phi 2. Daga 45 zuwa 50 biyar ne cikin tazarar 35, don haka phi 50, wato phi ɗin da ke kan kashi 50 na tarin nauyi, ya zama 1.14, daidai da maikiron 453. Wannan shi ne D50. Ta wannan hanya phi 5 ya zama −0.92, phi 16 ya zama −0.08, phi 84 ya zama 2.29, phi 95 kuma 3.25.

Da waɗannan ake lissafin Folk da Ward, waɗanda suka fitar da hanyarsu a 1957 daga nazarin tudun yashi a Kogin Brazos da ke Texas a Amurka. Matsakaici shi ne phi 16 da phi 50 da phi 84 a haɗa a raba uku, ya ba da 1.12, yashi mai matsakaicin kauri. Daidaituwa kuwa, a debe phi 16 daga phi 84 a raba huɗu, a debe phi 5 daga phi 95 a raba 6.6, a haɗa su, ya ba da 1.22. Tsakuwa kashi 4, yashi 94, laka 2. In abin da manhajar ta nuna ya zo kusa da waɗannan, ta zauna daidai. In ya yi nisa, koma kan lambobin da ka shigar, can matsalar take.

Karanta sakamako

Za ka ga amsoshi kashi-kashi a jere: na hanyar Folk da Ward, da na hanyar "Method of Moments" wadda ke amfani da kowane rukunin girma, ba wurare biyar ko bakwai kaɗai ba. Ba za su zo ɗaya ba, kuma ba laifi ba ne. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kanta a duk aikin, ka kuma faɗi wadda ka bi a rahotonka. Ta "Method of Moments" ta fi jin ɗan kuskure a jelar rabo, musamman abin da ya taru a kasko. Ta Folk da Ward ta fi haƙuri, amma ita ma tana da iyaka: tana buƙatar phi 95, don haka in abin da ke kasko ya haura kashi 5 cikin ɗari, wannan lamba ta faɗa inda ba a auna ba. A nan sai a auna lakar daban, ta hanyar barin ta ta kwanta a ruwa ko da na'urar leza.

A ma'aunin phi, daidaituwa ƙasa da 0.35 tana nufin ƙwayoyin kusan girmansu ɗaya. Daga 1 zuwa 2 a cakuɗe suke, kamar samfurin gwajinmu, kuma haka yashin kogi yakan kasance. Sama da 2 cakuɗar ta yi yawa. Karkata tsakanin −0.1 da +0.1 rabo ne da ya tsaya tsakiya. Kula da alamarta: a lissafin phi, alamar tarawa na nufin jela ta miƙa wajen ƙananan ƙwayoyi, a lissafin maikiron kuwa alamar juyawa take. An sha kwafo lamba daga wannan layi a fassara ta da ƙa'idar wancan.

Kada ka ɗauki matsakaici kafin ka kalli zanen rabon. Gadon kogi mai tsakuwa sau da yawa tozo biyu gare shi, ɗaya a yashi ɗaya a tsakuwa, da kwari a tsakani wajen milimita 1 zuwa 4. Matsakaicin irin wannan samfuri kan faɗa cikin kwarin, ya ba ka girman da kusan babu shi a kogin. Manhajar tana nuna ko tozo ɗaya ne, biyu ko fiye, tare da girman kowanne. Waɗannan da D10, D50 da D90, wato girman da kashi 10, 50 da 90 na samfurin ke ƙasa da shi, su ya kamata a bayar.

Sunayen rukuni ma a lura da su. GRADISTAT tana yanke yumɓu a maikiron 2, ma'aunin Wentworth na 1922 kuwa a kusan maikiron 4, don haka kason yumɓu na iya bambanta da na wani rahoto alhali samfurin ɗaya ne.

Samfura da yawa da bayanan leza

In samfuran suna da yawa, shafin "Multiple Sample Data Input" ake amfani da shi: girman rariyoyi a layin tsaye ɗaya, kowane samfuri da nasa layin da sunansa a sama. Dole dukkansu su bi jerin rariyoyi ɗaya. Waɗanda aka tankaɗe da wani jeri daban a yi musu nasu zagaye. Wajen liƙa lambobi yi amfani da "Paste Special" ka zaɓi "Values", don kada ka kwaso lissafi da tsarin wani fayil ka ɓata gidajen da makro ke dubawa. Kowane sabon lissafi yana hawa kan na baya, saboda haka kwashe sakamako zuwa wani fayil kafin ka sake danna maɓalli.

Na'urar leza tana ba da kason girman jiki, ba na nauyi ba, a kowane rukuni, kuma kowane rukuni yana da iyakar sama da ta ƙasa. Tunda manhajar tunanin rariya take yi, kason rukunin 250 zuwa 500 a gaban 250 ake rubuta shi. In aka sa shi gaban 500, duk rabon zai gusa mataki ɗaya wajen kauri, kuma babu saƙon kuskuren da zai fito. Haɗa bayanan leza da na rariya a samfuri ɗaya yana yiwuwa, amma sai da lissafi: idan abin da ya wuce rariyar 63 kashi 20 ne na nauyin duka, kowane kaso na leza sai an ninka shi da 0.20 kafin a jera shi ƙarƙashin na rariya. Ko an yi hakan, a wurin haɗin akan ga ɗan tudu ko rami a zane, domin rariya faɗin ƙwaya na tsakiya take aunawa, leza kuwa tana ɗaukar kowace ƙwaya a matsayin mulmulalliya. Ƙwayoyin yumɓu fale-fale ne, don haka leza kan nuna su sun fi girmansu, kason yumɓu ya fito ƙasa da wanda hanyar kwantarwa a ruwa za ta bayar. A rahoto a rubuta girman da aka yi haɗin a kansa da na'urar da ta auna kowane ɓangare.