Yadda Ake Rage wa Mangwaro Rassa Ba Tare da An Yi Masa Illa Ba

A gidanmu akwai wani mangwaro da kakanmu ya dasa kusa da rijiya. Wata shekara rassansa suka fara gugar kwanon ɗaki, in iska ta taso da dare ba mai iya barci. Aka kira wani saurayi mai adda, ya ɗare sama, kafin la'asar ya gama, aka ba shi na goro ya tafi. Guntayen rassa ya bar mana, kowanne ya kai kamu ɗaya, wani babba kuma ya ɓalle da nauyinsa tun ba a gama sara ba, ya saɓule ɓawon itacen har kusan ƙasa. Bayan damina biyu, in ka danna ɗaya daga cikin guntayen da yatsa sai ya lotsa kamar dafaffiyar doya. Gara ta samu ƙofa, daga nan kuma mangwaron bai sake komawa daidai ba.

Abin da ba mu sani ba a lokacin shi ne itace ba ya warkewa irin yadda fatar mutum take yi. Inda aka yanka ya yanku ke nan har abada. Iyakar abin da yake yi shi ne ya toshe ruɓa daga ciki don kada ta bazu, sannan ya ja sabon nama daga gefe ya lulluɓe wurin. Wani masanin gandun daji ɗan Amurka, Alex Shigo, ya shafe shekaru yana tsarge itatuwa yana duba cikinsu kafin ya nuna wa duniya haka. Saboda haka duk aikin da zan bayyana, manufarsa a yi yankan da itacen zai iya rufewa.

Fara da zaɓen lokaci. A ƙasar Hausa mangwaro yana fure ne da hunturu, ya nuna da bazara. A kan bakin rassan da suka ƙosa yake fitar da furen, don haka wanda ya datse shi a watan Nuwamba ko Disamba, 'ya'yan bana ya zubar a ƙasa. Lokacin da ya dace shi ne da zarar an tsinke na ƙarshe, wajen Mayu zuwa Yuni, domin sabon tohon ya samu damina guda ya ƙosa kafin sanyi. Ka nemi ranar da gari ya washe, kada ka yanka ana yayyafi, danshi yana taimaka wa cuta shiga sabon rauni. Busasshen reshe da wanda ya karye kam, duk ranar da ka gan su ka cire.

Sai kayan aiki. Almakashin lambu na ƙananan rassa, waɗanda ba su fi kaurin babban yatsa ba. Abin da ya fi haka, zarto. Na san adda ce a kowane gida, amma tana tsarge itace, tana barin baki kaca-kaca inda ruwa zai kwanta. In ita kaɗai gare ka, wasa ta sosai, ka tsaya kan ƙananan rassa, ka riƙa sara daga ƙasa zuwa sama. Tanadi ruwan bilic, kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara, kana goge bakin ƙarfen duk sa'ad da ka yanke reshe mai cuta ko za ka koma wani itacen. Ka sa riga mai dogon hannu, domin ruwan mangwaro yana ƙona fata, wasu har kumbura suke yi. Reshen da ya kusanci wayar lantarki kuwa ba naka ba ne, ma'aikatan wuta za a kira.

Kafin ka hau, zagaya itacen sau biyu ko uku, ka tsaya a gindinsa ka ɗaga kai. In da tsakar rana ba ka hango ko ɗigon haske ta cikin ganye ba, ya cushe. A irin wannan duhun ne baƙin tabo yake kama fure da 'ya'ya, kuma rassan ciki ba sa haihuwa, ci kawai suke yi. Ka sa wa waɗanda za ka cire alama da alli ko gawayi tun kana ƙasa. Wanda yake sama ba ya ganin siffar itace, reshen da ke gabansa kaɗai yake gani, shi ya sa masu sara suke wuce gona da iri.

Matattu da masu cuta su ne na farko. Bayansu sai rassa biyu da suke gugar juna, ka bar mai ƙarfin. Sai waɗanda suka juya suna girma zuwa ciki, da miƙaƙƙun tsirrai da ke harbawa sama kamar sanda, da na ƙasa masu jan ƙasa in sun ɗauki 'ya'ya. In ka ga kauci ya kama reshe, tsinke ganyensa aikin banza ne, domin ya riga ya kafa kansa a cikin itacen. Yanke reshen za ka yi daga can bayan kumburin da ya yi. Duk da haka kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen a shekara guda. Tsohon mangwaron da aka yi shekara ashirin ba a taɓa ba, raba aikinsa za ka yi shekara uku.

Yanzu ga inda saurayin namu ya ɓata. Babban reshe sau uku ake yanka shi. Auna kamar santimita 30 daga jikin itacen, ka shiga da zarto ta ƙarƙashin reshen, ka ci kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa, ka tsaya. Ka matsa gaba kaɗan wajen bakin reshen, kamar faɗin yatsu uku, ka yanka ta sama har ya faɗi. In ya tashi ɓallewa, saɓar ɓawon za ta tsaya daidai yankan farko. Gunto ne kaɗai ya rage, marar nauyi, wanda za ka iya riƙewa da hannu ɗaya.

Yanka na uku shi ne mai muhimmancin. Duba inda reshen ya haɗu da uwarsa, za ka ga ɗan kumburi ya zagaye gindinsa kamar wuyan riga, ta sama kuma ɓawon ya tattare ya yi ƙunci. Daga wannan kumburin naman da zai rufe raunin yake fitowa. Ka yanka dab da shi ta waje, kada zarto ya taɓa shi. In ka aske shi ƙwal don wurin ya yi sumul, ka buɗe wa ruɓa hanya zuwa cikin gangar jikin. In kuma ka bar gunto mai tsawo, naman ba zai iya hayewa kansa ba, sai ya mutu ya ruɓe a wurin. Ƙaramin reshen da kake son ragewa kawai, datse shi sama kaɗan da idon tohon da ke kallon waje, a ɗan karkace.

Mutane suna shafa baƙin mai ko fenti a wurin yankan. Baƙin mai yana kashe ɗanyen naman da kake jira ya rufe, fenti mai kauri kuma danshi yake tsarewa a ƙarƙashinsa. Yanka mai tsabta a bar shi iska ta busar da shi. Abin da ya fi buƙatar kariya shi ne reshen da ya saba da inuwa aka yaye shi ga ranar bazara, domin ɓawonsa yana iya ƙonewa. Farar ƙasa da aka dama da ruwa-ruwa ta ishe shi.

Duk wannan wahalar ba za ta taso ba in an fara tun yana dashe. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan ɗan dashen ya kai tsayin mita ɗaya, datse kansa, zai fito da rassa da yawa, ka zaɓi uku ko huɗu da suka kalli kusurwoyi daban-daban. Su ma in sun kai rabin mita ka tsinke bakinsu su sake rabuwa. In ɗan aure ne, duk tohon da ya fito ƙasa da mahaɗar ka cire shi, in ba haka ba na gargajiyan da ke ƙasa zai rinjayi wanda ka sayo da tsada. Mangwaron da aka tsayar a mita huɗu, da gora ake tsinkarsa, ba sai yara sun yi ta jifa ba.

Manoman Maraɗi sun san amfanin irin wannan zaɓen. Tun daga 1983, lokacin da wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya fara aiki da su kan abin da ake kira sassaben zamani, suke barin 'yan tsirrai masu ƙarfi a kan kututturen gona su rage sauran, kuma da haka miliyoyin hekta suka sake yin itatuwa a Nijar. Sai dai kowane itace da halinsa. Darbejiya tana jure sara mai yawa, gwaiba ma tana son a rage ta tunda a sabon toho take haihuwa, lemo kuwa busassu da tsirran gindi kawai ake cire masa.

Da ka sauko, kwashe rassan masu cuta ka ƙona nesa da itacen, sauran a busar a yi girki. Bayan wata biyu ko uku ka koma ka duba. A bakin kowane babban yanka za ka tarar da toho ya fito cunkus, ka bar biyu ko uku, ka murje sauran da yatsa tun suna da taushi. Ka dubi raunin kansa. In ka ga nama ya fara tasowa ya zagaye shi kamar zobe, yankan ya faɗa inda ya kamata. In zoben ya fito ta gefe biyu kawai, sama ko ƙasa babu, zarto ya ci kumburin a wannan wurin, sai ka gyara hannu a reshe na gaba.